Baƙuwar Direba

Kafinta yana durƙushe a gindin 'yar bishiyar yana tsince ƙullin furannin da suka zubo, sai muryar Direba ta fito ta taga.

"Ta buɗe?"

"Saura kaɗan," in ji Kafinta, bai ɗago kai ba.

"Jiya ma haka ka ce."

"To, jiya ma saura kaɗan ne. Kai ka shagwaɓa ta, sai ka jira ta ga dama."

Ya dunƙule abin da ya tsinta ya tura a aljihun gaban rigarsa. Koraye ne, tsawon kan ɗan yatsa, kowanne da farin fure naɗe a cikinsa wanda bai ga rana ba. Da kansu suka faɗo, ba iska, ba tsuntsu. Ganyen da aka sani kore shar, mai sheƙi kamar an shafa masa mai, ya fara yin rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage da kore. Daga inda Direba yake kwance rassan sama kawai yake hange, su kuwa ba su tona asiri ba tukuna.

"Ka ba ta ruwa?"

"Na ba ta."

"Na duro?"

Kafinta ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Kai dai ka ji da ƙafarka, ka bar ni da aikina."

Shi ma ya san ba amsa ba ce. Duron da ke ƙarƙashin indararo ya daɗe da ƙafewa. In ka buge shi, amsawa yake yi kamar ganga.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma tun gashin kansu yana baƙi suke musu ta samanta. Direba a kan babbar mota ya ƙare ƙuruciyarsa, yana kai kaya garuruwan da Kafinta bai taɓa sha'awar gani ba. Wasu direbobin in sun dawo yadi suke kawo wa iyali, ko agogo. Shi wannan, wata shekara, sai ga shi da ɗan reshe a gwangwanin madara. A gefen kujerarsa ya ɗaure shi, yana rage ruwan shansa yana ɗiga masa har ya iso gida. Ya ce a wata ƙasa mai yawan ruwan sama ya kwana kusa da irinta, ƙamshin ya hana shi barci. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ita ta dasa reshen a ƙarƙashin tagar ɗakinsu.

Ta kama, ta girma har kafaɗar mutum, rani da damina ba ta zubar da ganye. Amma ba ta taɓa sabawa da garin ba, shi ya sa aka raɗa mata suna Baƙuwa. Ba ta shan ruwan famfo, ba ta shan na rijiya, sai na sama, wanda ake tarawa a duro a riƙa ba ta da awo. Ragowar ganyen shayi a gindinta ake zubawa. In zafi ya kai maƙura, gab da faɗuwar ruwa, sai ta yi furanni farare tas, masu kauri kamar da kyandir aka yi su. Babbar dokar gidan ita ce ba a taɓa furen da hannu, domin duk inda yatsa ya sauka, kafin yamma wurin ya yi ja kamar ƙuna. Auta, 'yar Direba, ta sha murɗin kunne a kan wannan tana yarinya.

Kafinta bai taɓa ganin hankali a cikin lamarin ba. "Itacen da ba ya 'ya'ya, ba ya inuwa, ba ya fitar da ko ƙafar kujera," haka yake cewa. In an ce masa ai don ƙamshi ne, sai ya ɗaga kafaɗa. Ƙurar katako da fenti da gam sun kashe masa hanci tun da daɗewa. Turare da taki duk ɗaya ne a wurinsa.

Mataccen hancin nan shi ya ba shi izinin shiga ɗakin Direba lokacin da aka hana kowa.

Ciwon suga ne ya ci ƙafar. Ɗan ƙurji ne a yatsa, ya zama gyambo, ya dinga hawa. A asibiti suka ce sai an yanke daga gwiwa. Direba ya ce ƙafar da ta taka birki a kan gangaren da ya ci mazaje ba za a jefa ta a bokiti yana kallo ba, ya sa aka mayar da shi gida. Da farko ana shigowa dubiya, ana hira. Sai wata rana wani tsohon abokin tuƙinsa ya zo, ya zauna, ya yi masa addu'a mai kyau, ya fita. Ta taga Direba ya gan shi ya tsaya a gindin Baƙuwa, ya tofar da yawu, ya goge hanci da hannun riga, ya ja dogon numfashi kamar wanda ya fito daga rami. Mutumin ba da mugunta ya yi ba. Amma Direba irin mutanen nan ne da ko taya ya canza a daji, sai ya wanke hannu ya sake riga kafin ya shiga cikin jama'a. Tun daga ranar ya ce kada kowa ya ƙara tsallake ƙofarsa, sai malamin asibitin da ke zuwa wanke ciwon, sai Kafinta.

Da Auta ta sami labari, ta bar mijinta da yaranta a garin da take aure ta taho. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu.

"Baba, ni ce."

"Na ji muryarki. Kin zo lafiya? Yaran fa?"

"Suna gaishe ku. In shigo?"

"Ki dakata. Baƙuwa ta yi ƙulli, bana ma ta yi da yawa. In ta buɗe ɗakin nan cika zai yi da ƙamshi, kin san yadda take yi. Ranar sai ki shigo ki zauna har ki gaji."

"Baba, ni fa 'yarku ce."

"Shi ya sa."

Haka aka zauna. Ta dafa, Kafinta ya shigar. Ta zauna a kan tabarma a jikin ƙyaure, su yi magana da ubanta ta cikin katako kamar masu ciniki da ba su yarda da juna ba. Kullum da safe kuma tambaya ɗaya ce ke fitowa ta taga.

Akwai tsofaffin zannuwan gado da ake yagawa a shimfiɗa ƙarƙashin ƙafar, kuma ba sa wuni ba su ɓaci ba. Direba ya kama hannun Kafinta ya ce, "Kai za ka wanke. In ba za ka iya ba, ka ƙona. Kada yarinyar nan ta gani." Kafinta ya ce to. Amma ranar farko da ya zagaya da bahon zuwa bakin famfo, a lungun da taga ba ta hange, a can ya tarar da Auta ta naɗe hannun riga tana jira.

"Baffa, ku kawo."

"Ubanki ya hana."

"Ɗakinsa ya hana ni, bai hana ni bakin famfo ba."

"Ke, ba ki san abin da ke ciki ba."

"Baba ya wanke nawa ina jaririya, lokacin da Inna ta kwanta. Ku kuka sha ba ni labarin. Ku kawo, Baffa."

Ya miƙa mata. Ta buɗe tsumman farko, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta zuba garin sabulu, ta zuba maganin nan mai ƙarfi da malamin asibiti ya bari, ta dinga cuɗawa har kumfa ya kai mata gwiwar hannu.

Shi kuwa Kafinta mutum ne da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa, sai ya miƙe ta ya adana. Ga famfon unguwar sai ya ga dama yake kawo ruwa, ga duro ya ƙafe, ga baho cike da ruwan ɗauraya za a kwarar a kwata. Ya ce a ransa ruwan da ya sha sabulu ai ya fi wanda ya wanko kashin tsuntsaye daga kan kwano tsabta. Rigimar Direba ce kawai. Sai ya ɗauki bahon ya juye a gindin Baƙuwa. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Matar Kafinta ta taɓa leƙowa ta gan shi. "Malam, anya? Ruwan nan ko a dandaɓe ya zuba fari yake bari."

"Ke da ko barkono ba ya rayuwa a hannunki."

"Ni dai na faɗa."

Da ƙullin farko ya faɗo ya ce zafi ne. Da suka fara zuba kamar ana karkaɗe su, ya daina zuba ruwan wankin, amma aikin gama ya gama. Ya daina cin abinci sosai. A shago sai ya auna katako ya yanka, ya ga ya rage. Bai taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ko lokacin da gaskiyar takan jawo su yi mako ba sa gaisawa. Yanzu ga shi kowace safiya da ƙarya yake buɗe baki, aljihunsa cike da shaida.

Ranar da abin ya fito, da azahar ne. Ya sunkuya zai ɗaga Direba ya canza masa shimfiɗa, ya manta bai zazzage aljihu ba. Ƙulle-ƙullen suka zubo a kan ƙirjin majinyacin, wasu suka gangara cikin zanen.

Direba ya ɗauki ɗaya. Hannunsa ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Ya sa farce ya tsaga ƙullin, ya kai hanci, ya daɗe a haka.

"Ɗebo mini ƙasar gindinta."

"Ƙasa kuma? Bari in gama..."

"Ɗebo."

Kafinta ya fita ya dawo da ita a tafin hannu. Direba ya murza, ya shinshina.

"Sabulu," ya ce. "Da maganin ciwona. Ruwan wanki ka ba ta."

"Duro ya ƙafe."

"Bakinka ma ya ƙafe ne? Da ka faɗa mini. Da na ce ka tara na famfo ya kwana, ka jiƙa ganyen shayi a ciki, ka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, ta lallaɓa har ruwa ya sauka. Shekara nawa kana ganina ina yi?"

"Ban taɓa kallo ba."

"Ba ka taɓa ba kam."

Ƙuda yana bugun gilashin taga. Kafinta yana tsaye da sabon zanen a hannu, yana jiran zagi, har ma yana so a zage shi. Amma idon Direba ba a kansa yake ba, a kan zanen yake.

"Kawo wannan."

Ya karɓa ya juya shi. An ninke shi gida uku, an tura bakin ciki, yadda marigayiya take yi. Gefen da aka yaga kuma an kalmashe shi da ƙananan ɗinki masu kyau don kada zare ya maƙale a ciwon.

"Wa ya ɗinke wannan?"

Kafinta ya shiga gyara bakin shimfiɗa.

"Da guduma ka ɗinka? Kai da rigarka ma in ta yage da ƙusa kake so ka kama ta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da Auta ta zo."

Direba ya rufe ido. Can ya ce, "Abu biyu na ba ka amana. Fita."

"Mutumina..."

"Fita, ka ja mini ƙofa."

Kafinta ya fita. Bai kai tsakar gida ba ya ji ƙarar sanda tana laluben sakata daga ciki. Ɗakin ƙarami ne, daga gado sandar tana kaiwa. Sakata ta shiga.

Ranar ba a ci ba, ba a sha ba. Auta ta yi magiya ta cikin katako har muryarta ta dushe, ba amsa, sai tari jefi-jefi da ke nuna da sauran rai. Da safe malamin asibiti ya zo da jakarsa, ya ƙwanƙwasa, ya yi lallashi, ya yi barazana, ya duba agogo. Ya ja Kafinta gefe ya ce, "Baba, ciwon nan in ya wuni ba a wanke ba, ni ba ruwana. Dama ba sauran lokaci ne da shi mai yawa ba. Zan zagayo da yamma."

Kafinta ya koma shagonsa ya zauna a kan benci, zarto a cinya. Matarsa ta kawo masa shayi ta ajiye, ya huce bai taɓa ba.

"Za ka zauna ne har a fito da shi a kafaɗa?" ta ce.

"Ya kore ni. Da gaskiyarsa."

"Da gaskiyarsa a kan itace. Yarinyar fa? Ka ga hannunta kuwa? Jiya na shafa mata mai, duk ya tsattsage. In ya tafi a bayan ƙofar nan, da me za ta koma gida?"

"Me kike so in yi? In fasa?"

"Ni na sani? Kai ne mai ƙofofi."

Ya dube ta. Ya ajiye zarton. Ya jawo akwatin kayan aiki ya ɗauki sukudireba da 'yar kwalbar mai.

Shi ya yi ƙyauren nan da hannunsa, shekarar da aka haifi Auta. Ɗakin ba shi da faɗi, don haka ya sa shi yana buɗewa ta waje, ƙarafan da ke riƙe da shi ma a waje suke. Ya ce wa Auta ta matsa da tabarmarta. Ya ɗiga mai a kan kowane noti, ya jira ya jiƙa, ya fara kwancewa daga ƙasa. Tsatsa ta yi ƙara.

"Wane ne nan?" Muryar ta fito a shaƙe.

"Ni ne."

"Me kake yi?"

"Ƙyauren nan ya kumbura, yana cin ƙasa. Shago zan kai shi."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ni na yi shi, ni zan faɗa maka lafiyarsa."

"Kafinta, ka ji tsoron Allah. Gidana ne."

"Gidanka ne, ƙyaurena ne. Har yau ban ji ka ce na gode ba." Ya zare noti ya sa a baki, ya kama na gaba, yana magana ta gefen haƙora. "Ka saurara, sau ɗaya zan faɗa. Baƙuwa ba za ta buɗe bana ba. Ni na zubar mata da ƙulli, da taurin kaina. Ka zage ni har ka gaji, ga ni nan, ba inda za ni. Amma ranar da kake jira ba za ta zo ba, kai ma ka fi ni sani."

Kafinta ya murɗa sukudireba, ya ci gaba.

"Abin da kake ɓoye wa yarinyar nan, a hannunta yake wuni. Ta san shi fiye da kai, ta san shi fiye da ni da ba ni da hanci. Ba ta gudu ba. Fuskarka ce kaɗai ba ta gani ba, ita ce kuma ta baro 'ya'yanta ta zo gani."

Noti na ƙarshe ya fita. Ya rungumi ƙyauren, ya ja shi gefe har sakatar ta zame daga raminta, ya juya ya ɗora shi a baya. Nauyinsa ya fi yadda ya tuna. Ya taka da ƙyar ya jingina shi a jikin katanga, ya tsaya yana haki.

Haske ya shiga ɗakin har ƙarƙashin gado. Direba ya juya fuska bango, ya ja mayafi ya rufe har kunne. Auta ba ta shiga ba. Ta matso ta zauna daidai bakin ƙofar, ta naɗe ƙafafu, ta ɗora hannuwa a cinya. Kafinta ya zuba wa fuskarta ido, domin ta nan kaɗai yake iya sanin abin da iska ta fito da shi. Ba ta kau da kai ba, ba ta kai gyale hanci ba. Numfashi take yi kamar kowa.

An daɗe a haka. Inuwar katanga ta matsa daga gindin duro zuwa bakin tabarma. Wata mai talla ta yi sallama a waje, ba wanda ya amsa, ta wuce.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kina nan?"

"Ina nan."

Mayafin ya motsa. "Zo in ga hannun naki."

Kafinta ya zagaya bayan Baƙuwa ya shiga tsince busasshen ganyen da ba ya bukatar tsinta.

Bayan wannan Direba bai ƙara tambayar ko ta buɗe ba. Ya ci ɗan abin da Auta ta ba shi a cokali, ya bari aka wanke ciwon tana riƙe da kansa. Da Kafinta kuwa bai yi maganar abin da ya wuce ba, ko ta yafiya ko ta zagi. Umarni kawai yake bayarwa ta taga, kamar yana koya wa sabon yaron mota.

"Kwashe ƙasar sama, kada ka taɓa saiwa. Da hannu, ba da fartanya ba. Kana da ruɓaɓɓen garin katako a bayan shago? Wanda ya yi baƙi, ba sabo ba. Haɗa da ganyen shayi. A hankali, tsoho, ba rami kake haƙa wa tanki ba."

Kafinta yana yi, ba musu. Wannan ne ya fi tayar wa matarsa da hankali, ta ce tun da ta san shi ba ta taɓa ganin an ba shi umarni ya yi shiru ba.

Garin kwashe ƙasar ne ya mirgina duron gefe. A bayansa, a matse tsakanin duro da bango, akwai wani reshe da ya kwanta ƙasa tun ba a sani ba, ya yi saiwar kansa a inda duron yake ɗan yoyo. Ruwan sabulu bai kai nan ba. Ganyensa kore shar, kuma a kansa da ƙulli guda, ya kumbura har farin ya fara leƙowa. Kafinta ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe. Ya gaji da alkawari a madadin itacen nan. Ya mayar da duron yadda inuwarsa za ta kare reshen, ya yi shiru.

Jikin Direba ya ci gaba da sauka. Zazzaɓi ya riƙe shi, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, daga baya ta koma ido. Hadari yana haɗuwa da yamma ya watse, garin ya yi nauyi kamar an rufe shi da bargo.

Wata safiya Kafinta yana zaune a bakin ƙofar da ba ƙyaure, Auta tana ciki tana goge wa ubanta goshi, sai ta tsaya da tsumman a hannu, ta ɗaga kai.

"Baffa, kun ji?"

"Me zan ji? Kin san hancina."

"Ta buɗe."

Ya tashi ya leƙa bayan duro. Ga shi nan, fari tas, faɗin tafin hannun yaro, da raɓa a tsakiyarsa. Ya fito da 'yar wuƙarsa ya yanko shi da dogon kara, yana riƙe da karan da yatsu biyu kamar garwashi. Ya sa a kofin shayi na gilashi da ɗan ruwa, ya miƙa wa Auta.

Fure ɗaya ne. Ko ba hanci, Kafinta ya san ba zai rufe komai a ɗakin nan ba. Auta ta kai kofin kusa da fuskar ubanta. Hancinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Idonsa ya zagayo ya sami Kafinta a bakin ƙofa, ya tsaya a kansa. Leɓensa ya motsa.

"Me ya ce?"

Auta ta kai kunne. Da ta ɗago tana dariya, hawaye yana zuba. "Wai wannan ta tsere muku."

Kafinta ya gyaɗa kai. Ya ce yana da aiki a shago, ya fita. Ba aikin da ya yi.

Bayan la'asar matarsa ta zo ta tsaya a ƙofar shagon, da ganin fuskarta ya gane Direba ya cika. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya karanta abin da ake karantawa, ya bi ta.

Mutane suka cika gidan, har da tsohon abokin tuƙin nan, yana kuka kamar yaro. Suka shiga suka fita ta ƙofar da ba ta da abin rufewa. Da aka kai shi aka dawo, aka watse, mata suka ja Auta gidan Kafinta don ta ɗan sa wani abu a cikinta.

Shi kuwa ya ɗauko sukudireba, ya kinkimo ƙyauren ya kawo shi bakin ɗakin. An naɗe katifa, an share ƙasa, an bar taga a buɗe. Kofin gilashin yana kan dakalin taga. Ya jingina ƙyauren ya matsa kusa.

Furen bai yanƙwane ba tukuna, amma ba fari tas ba ne yanzu. A gefe ɗaya akwai jan tabo mai faɗi, daidai girman babban yatsan namiji. A kusa da shi, a kan ganyen furen na gaba, akwai wasu ƙanana, sirara, a jere.

Ya ɗauki kofin ya kai hancinsa, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Ya mayar da shi inda yake.

Iska ta taso, rassan Baƙuwa masu rawaya suka goga a jikin taga. Yana nan tsaye da notuna a tafin hannu ya ji ɗigon farko ya sauka a kan kwano, ya gangaro ta indararo, ya faɗa cikin busasshen duron.